Kada Yunifom Ya Hana Yaro Karatu

Jama'a, ina so in faɗi ra'ayina a kan wata al'ada da ake yi a wasu makarantun firamare, wato korar yaro gida don bai sa yunifom ba. Ni a ganina wannan al'ada ɓarnarta ta fi gyaranta yawa.

Da farko dai ba na musun amfanin yunifom. Idan yara suka sa tufafi iri ɗaya, ba a gane ɗan mai kuɗi da ɗan talaka a cikin aji, kowa ya zauna ba ƙyashi ba raini. Haka kuma in aka ga yaro yana gararamba a tasha lokacin karatu, da ganin rigarsa an san makarantar da ya gudo. Mu ma nan makarantar kwana da yunifom muke, kuma muna alfahari da shi.

To amma mu dubi halin da iyayenmu suke ciki a ƙauyuka irin su Ruwan Gizo, da sauran garuruwan Talata Mafara da Bakura da Maradun. Yawancinsu manoma ne, kuɗi ba ya shigo musu sai da kaka, ko in an girbe shinkafar rani ta madatsar ruwan Bakolori. Ga shi kuwa ana buɗe sabuwar shekarar karatu a watan Satumba, kafin amfanin gona ya gama shiga gida. Magidanci mai 'ya'ya huɗu a firamare zai sayi yadi, ya biya tela, ga takalma, ga hijabin 'yan mata. In bai samu ba, aka koro yaron sau biyu sau uku, sai ya ce to ya bi shi gona, yarinya kuwa a ɗora mata talla. Daga nan karatu ya ƙare.

Tun 1976 aka fara shirin ilimin firamare kyauta a Nijeriya. A 1999 aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, dokarsa ta 2004 kuma ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne, kuma dole ne. Yaya za a ce wa uba dole ya kawo ɗansa, ya kawo shi, sa'an nan a mayar da shi saboda riga? Kada kuma mu manta da ɗaliban da aka sace a Jangebe a watan Fabrairu 2021, da na Kaya ta ƙasar Maradun a watan Satumba 2021. Uban da ya daure ya turo ɗansa makaranta bayan wannan duka, godiya ta kamace shi.

A gundumar Busia ta ƙasar Kenya, masu bincike sun raba wa 'yan firamare yunifom kyauta, suka ga fashin zuwa makaranta ya ragu. Ashe rashin riga kaɗai yana iya tsare yaro a gida.

Saboda haka ga shawarata. Hedimasta ya ɗaga wa iyaye ƙafa har bayan kaka. A zaɓi yadi mai araha wanda ake samu a kasuwar Talata Mafara, kada kuma a riƙa sake launi. 'Yan aji shida da suka gama su bar tsofaffin kayansu a makaranta, ƙungiyar iyaye da malamai ta raba wa marasa hali da marayu. Da sanyin hunturu kuma a bar yaro ya ɗora wata riga a kai.

Inda ya kamata malamai su tsananta shi ne tsabta, domin ita ba ta cin kuɗi sosai. A duba farce da haƙora da aski da kitso kowace Litinin, saboda ƙwarƙwata da makero da ƙazwa suna yaɗuwa a aji cikin sauri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaro mai wankakkiyar rigar gida ya fi mai yunifom da dauɗa.

Ina roƙon iyayenmu su ma su yi ƙoƙari su ɗinka in hali ya samu. Malamanmu kuwa su yi haƙuri su buɗe wa yaro ƙofa ko da wace riga ya zo. Allah ya sa mu dace, amin.