Wa Ya Kamata Ya Zama Dillali Bayan Zaɓen Da Ba Gwani?

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wata muhawara da ba ta tsufa a tsakanin masu nazarin siyasa, watau abin da ya kamata a yi idan aka yi zaɓe, aka ƙidaya ƙuri'u, aka tarar babu jam'iyyar da ta sami rinjayen da zai ba ta damar kafa gwamnati ita kaɗai. Wasu na ganin duk wata yarjejeniya da za a ƙulla bayan an rufe akwati cin amanar masu zaɓe ce, tun da ba su jefa ƙuri'a a kanta ba. Wasu kuwa cewa suke yi ƙasa ba ta zama ba gwamnati, saboda haka duk abin da zai tsayar da ita halal ne. Mu dai a namu ra'ayin sulhu dole ne, kuma babu kunya a cikinsa. Abin da ya fi damunmu shi ne wanda ake turawa kasuwar, domin sau da yawa shugaban da ya jawo wa jam'iyyarsa asarar, shi ne kuma yake ɗaukar sanda ya tafi cinikin. Muna ganin wannan kuskure ne babba, kuma tarihin Birtaniya ya ishe mu hujja.

Bari mu fara bayyana yadda tsarin yake. Majalisar Wakilai ta Birtaniya tana da kujeru 650, saboda haka mai son ya yi mulki hankali kwance sai ya mallaki 326. Idan ba wanda ya kai wannan adadi, hanyoyi uku ne suka rage. Ko dai jam'iyyu biyu su haɗa gwiwa su raba kujerun ministoci, ko babbar ta kafa gwamnatin marasa rinjaye bisa alkawarin wata ƙarama za ta mara mata baya ranar kasafin kuɗi da ranar ƙuri'ar amincewa, ko kuwa ta tsaya ita kaɗai tana roƙon ƙuri'a a kan kowace doka har ranar da za a kayar da ita.

A watan Afrilu na 2017 Firayim Minista Theresa May ta kira zaɓe tun wa'adi bai cika ba. Jam'iyyarta ta 'Yan Mazan Jiya ta sami kujeru 330 a zaɓen 2015, amma ta ce tana bukatar ƙarin ƙarfi kafin ta shiga tattaunawar fitar da ƙasarta daga Tarayyar Turai. Ranar 8 ga Yuni aka yi zaɓen, garin neman ƙiba sai aka samo rama: kujerunta suka koma 317, jam'iyyar Leba ta Jeremy Corbyn kuwa ta tashi daga 232 zuwa 262. Cikin kwana biyu manyan mashawartanta biyu suka ajiye aiki, ita kuwa ta zauna daram, ta juya wajen jam'iyyar DUP ta Ailan ta Arewa mai kujeru 10 kacal. Ranar 26 ga Yuni aka sa hannu. DUP ta yi alkawarin goyon bayan gwamnati a kan kasafin kuɗi, da ƙuri'ar amincewa, da dokokin fita daga Turai, ita kuwa gwamnati ta ƙara wa Ailan ta Arewa fam miliyan 1,000.

Jama'a da yawa sun tsaya a kan kuɗin, suna cewa an sayi ƙuri'a goma da dukiyar talakawa. Mu ba nan muka ga babban aibin ba, domin ƙaramar jam'iyya da ta nemo wa yankinta hanyoyi da asibitoci ta yi aikin da aka aike ta. Aibin yana wurare biyu. Na farko, yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998 ta ɗora wa gwamnatin Landan nauyin tsayawa tsakiya tsakanin masu son zama a Birtaniya da masu son haɗewa da Jamhuriyar Ailan, ga shi kuma a lokacin majalisar yankin ta wargaje tun watan Janairu na 2017. Ta yaya alƙali zai raba gardama alhali numfashinsa yana hannun ɗaya daga cikin masu shari'ar? Tsohon Firayim Minista John Major, ɗan jam'iyyar May, ya yi wannan gargaɗi a bainar jama'a kafin a sa hannu. Na biyu, an yi cinikin biri a sama ne. Babbar matsalar fita daga Turai ita ce iyakar ƙasa da ke tsakanin Ailan ta Arewa da Jamhuriyar Ailan, kuma a kanta ne DUP ta fi kowa taurin kai, amma takardar ba ta warware ta ba.

Sakamakon bai jima ba. A watan Disamba na 2017, May tana birnin Brussels tana gab da kammala zagayen farko na tattaunawa, shugabar DUP Arlene Foster ta ƙi amincewa da abin da aka rubuta game da iyakar, dole aka dakata na kwanaki. Ranar 15 ga Janairu 2019 majalisa ta yi watsi da yarjejeniyar fitar da ƙuri'a 432 a kan 202, har da ƙuri'un DUP a cikin masu ƙi. Kashegari kuma ƙuri'un DUP ɗin nan ne suka ceci gwamnati daga faɗuwa, 325 a kan 306. Watau sun riƙe ta a kan kujera, sun kuma hana ta yin aikin da ta hau kujerar dominsa. Kafin wannan ma, a watan Disamba na 2018, 'yan majalisa 117 na jam'iyyarta sun jefa ƙuri'ar rashin amincewa da ita, 200 suka tsaya mata bayan ta yi alkawarin ba ita za ta jagorance su a babban zaɓe na gaba ba. A watan Mayu na 2019 ta sanar da murabus. Shekara biyu cur aka ɓata kafin jam'iyyar ta amsa tambayar da ya kamata ta amsa kashegarin zaɓe.

A nan ne muke son mai karatu ya natsu. Bayan irin wannan zaɓe tambayoyi biyu ne ke tasowa: wa zai mulki ƙasa, kuma wa zai jagoranci jam'iyya? Shugaban da ya sha kaye yana da dalilin haɗa su wuri guda, domin muddin ya kafa gwamnati da gaggawa, ba mai iya taɓa shi ba tare da an ce yana son rushe ƙasa ba. Hausawa na cewa wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Abokin cinikinsa ya san haka sarai, saboda haka zai tsawwala farashi, shi kuwa zai biya, kuma zai kauce wa duk wata magana mai wuya da za ta iya ɓata cinikin. Ba lalle ne ya kasance mugun mutum ba. Matsayin da yake ciki ne ya sa bukatarsa ta rabu da ta jam'iyyarsa da ta ƙasarsa, kuma ba mai hankalin da zai aiki dillalin da ake bin sa bashi a kasuwar da za shi.

Ba a kan May aka fara ba. A watan Fabrairu na 1974 Edward Heath ya kira zaɓe ana tsakiyar yajin aikin masu haƙar gawayi, ya sami kujeru 297, Leba ta Harold Wilson ta sami 301, jam'iyyar Libaral kuwa 14, duk da ƙuri'a kusan miliyan 6 da aka jefa mata. Heath ya ƙi sauka, ya kwashe ƙarshen mako yana zawarcin shugaban Libaral Jeremy Thorpe. Su kuwa sauya tsarin zaɓe suke so, abin da Heath ba ya da ikon ba su, ga shi ko an haɗa kujerun biyu ba su kai rinjaye ba. Ranar 4 ga Maris ya sauka daga mulki, amma ya riƙe shugabancin jam'iyya, ya sake kai ta ƙasa a zaɓen Oktoba na shekarar, sai a watan Fabrairu na 1975 Margaret Thatcher ta kawar da shi. Wilson kuwa bai yi ciniki da kowa ba. Ya ja gwamnatin marasa rinjaye wata bakwai, sannan ya koma wa jama'a suka ba shi ɗan ƙaramin rinjaye.

A 2010 an ga wani salo dabam. Kwana huɗu bayan zaɓe Gordon Brown ya sanar cewa zai bar shugabancin Leba, don kada shi kansa ya zama ƙarfen ƙafa a tattaunawa da jam'iyyar Libaral Dimokurat. Cinikin bai faɗa wa Leba ba, domin kujerunta 258 da 57 na Libaral ba su kai 326 ba, amma an yi shi a kan manufofi, kujerar mutum ɗaya ba ta shiga ciki ba. David Cameron da Nick Clegg suka kafa gwamnatin haɗin gwiwa bisa rubutacciyar yarjejeniya da aka buga kowa ya karanta, ta kuwa yi shekara biyar cif. Sai dai a nan akwai darasin da ya shafe mu ɗalibai kai tsaye. 'Yan takarar Libaral sun sa hannu a takardar alkawari ta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa cewa ba za su goyi bayan ƙarin kuɗin jami'a ba. A watan Disamba na 2010 gwamnatin da suke ciki ta ɗaga iyakar kuɗin daga fam dubu uku da 'yan kai zuwa fam 9,000, Clegg da ministocinsa suka jefa ƙuri'ar amincewa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A zaɓen 2015 kujerunsu suka zube daga 57 zuwa 8. Ashe shugaban ƙaramar jam'iyya ma yana iya sayar da abin da ba nasa ba ne.

Za a ce mana ƙasa ba ta jira, kuma a 2017 saura kwana goma sha ɗaya a fara zama da Turai, ina lokacin canza shugaba? Za a kuma ce jam'iyyar May ce ta zo ta ɗaya, da kashi 42 cikin ɗari na ƙuri'u, saboda haka ita ke da haƙƙin gwadawa. Mun yarda da magana ta biyu, amma haƙƙin na jam'iyya ne, kuma jam'iyya na iya ɗora wa kwamiti cinikin, shugaba ya riƙe ofis na wucin gadi ya faɗi ranar tafiyarsa. Game da gaggawa kuwa, a shekarar nan ta 2017 Jamus ta yi zaɓe a watan Satumba, ba ta rantsar da sabuwar gwamnati ba sai a watan Maris na 2018, bayan an miƙa yarjejeniyar ga 'yan jam'iyyar SPD sun jefa ƙuri'a a kanta. Kusan wata biyar gwamnatin riƙo tana aiki, ƙasar ba ta rushe ba. Birtaniya ta gama nata cinikin cikin kwana goma sha takwas, ta kuma yi shekara biyu tana biyan kuɗin gaggawar.

Kada wani ya ɗauka labarin nesa muke bayarwa, domin irin wannan ciniki ne ya haifi Nijeriya mai 'yanci. A zaɓen tarayya na Disamba 1959 babu jam'iyyar da ta sami rinjaye a kujeru 312, sai NPC da NCNC suka haɗa gwiwa, Abubakar Tafawa Balewa ya ci gaba da zama Firayim Minista, Obafemi Awolowo ya zama jagoran adawa, NEPU kuwa ta wayi gari ƙawarta NCNC tana gwamnati ɗaya da jam'iyyar da take yaƙa a Arewa. A 1979, duk da an koma tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko, NPN ta Shehu Shagari ba ta da rinjaye a majalisa: kujeru 36 cikin 95 a Majalisar Dattawa, 168 cikin 449 a ta Wakilai. Aka ƙulla yarjejeniya da NPP, aka ba ta kujerun ministoci da ta Kakakin Majalisar Wakilai. A 1981 auren ya mutu, wasu ministocin NPP suka zaɓi ofis suka bar jam'iyya. A shekarar ce kuma majalisar Jihar Kaduna, wadda NPN ta mamaye, ta tsige Gwamna Balarabe Musa na PRP, bayan ya yi kusan shekara biyu ba a amince masa da kwamishinoni ba. Na farkon ya nuna ƙarshen sulhun da aka gina a kan rabon kujeru, na biyun ya nuna abin da ke faruwa idan an rasa sulhun gaba ɗaya.

Saboda haka ga matsayinmu. Idan zaɓe ya tashi ba gwani, jam'iyya ta fara zama ta yanke hukunci a kan shugabanta kafin ta aika kowa kasuwa. Abin da aka ƙulla a rubuta shi a buga, da kuɗinsa da wa'adinsa, kuma a fara da maganar da ta fi raba ɓangarorin biyu, kada a ture ta gefe don a samu a sa hannu. Sannan a mayar da takardar ga 'yan jam'iyya su ce sun yarda ko ba su yarda ba, tun da sunansu ne aka kai jingina. Wannan ƙa'ida ta hau kan Landan da Abuja, ta kuma hau kan ƙungiyarmu ta ɗalibai, inda ake ƙulla ƙawance da dare bayan zaɓe, a raba muƙamai, sai da safe masu ƙuri'a su ji labari. Daga cikinmu ne za a sami masu zama a irin waɗannan tebura nan da shekara ashirin, kuma abin da muka saba da shi yau shi za mu yi a can. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.