MAIGIDA, DAINA ZARGIN MATARKA DON TA HAIFI 'YA MACE



Maigida, da kai nake. Daga Tambuwal har Kebbe, sai ka ji mace ta haifi 'ya ta uku ko ta huɗu, dangin miji sun fara gunaguni wai mahaifarta ta mata ce, wani har saki. Wannan zalunci ne.

Ƙwan mace kala ɗaya ne, likitoci suna ce masa X. Maniyyin namiji shi ne kala biyu, X da Y. In Y ya riga shiga a samu namiji, in X ne a samu mace. To ina laifinta? Kai ma ba ka da zaɓi. Duba Suratush Shura, aya ta 49 da 50, ka ga wanda yake raba wannan kyautar.

A duniya, duk 'yan mata 100 da aka haifa, ana haifar maza wajen 105. Da wannan lissafin, cikin gidaje 18 masu 'ya'ya huɗu, kusan ɗaya duka mata ne, ba ciwo ba sihiri.

Gaskiya ne yanayi yana ɗan taɓa adadin. Bayan girgizar ƙasa ta Kobe a Japan a 1995, haihuwar maza ta ɗan ragu. A Sebeso ta Italiya kuma, guba ta fita daga wata masana'anta a 1976, mazan da ta taɓa suka fi haihuwar mata. Ka lura, a jikin uba abin ya bayyana. Kuma sai an ƙirga jarirai masu yawa ake ganin bambancin, ba a gida ɗaya ba.

Saboda haka kar ka ba da kuɗinka ga mai tallar "maganin haihuwar namiji". Babu saiwa ko jiƙon da ke sauya halittar ɗan tayi, sai dai ya jawo ɓari.

Abin da ke hannunka: ka kai ta awo, ka saya mata maganin ƙarin jini, ta kwana cikin gidan sauro, kar a ajiye maganin feshin gona a ɗakinta.

Kuma ka tuna, Nana Asma'u ɗiyar Shehu mace ce. Ta rasu tun 1864, har yau ana karanta rubutunta.

Allah ya ba mu masu albarka. A tura wa 'yan uwa.