Gyaran mota a talabijin: kitso da ƙwarƙwata

Masu sha'awar shirye-shiryen ƙawata motoci da babura na talabijin ɗin Amurka suna da wata magana da ba sa gajiya da ita: wai shirye-shiryen sun ɗaga darajar bakanike, sun kuma koya wa matasa sana'a. Wace sana'ar?

A duba Pimp My Ride, wanda tashar MTV ta nuna daga 2004 zuwa 2007, mawaƙi Xzibit na gabatarwa. Za a karɓi akwalar motar wani matashi a kai gareji, cikin rabin awa sai ga ta tana ƙyalli, an cika ta da allunan talabijin da lasifika, mai ita na tsalle da ihu. A 2015 wasu daga cikin masu tsallen suka shaida wa jaridar Huffington Post cewa motocinsu sun shafe watanni a gareji, an kwance wasu kayan adon bayan an kashe kyamara, injin kuwa yana nan da ciwonsa. An yi fenti, ba a yi gyara ba.

American Chopper, da Discovery ta fara a 2003, ya fi shahara da zage-zage da jifa da kujera tsakanin Paul Teutul da ɗansa. Uban ya kori ɗan a 2008, daga baya har gaban alƙali. Wa ya koyi walda a nan?

Na Diesel Brothers ne ma ya fi ban takaici. Mutanen jihar Utah ne da suka yi suna da manyan motocin gas masu turnuƙe titi da baƙin hayaƙi. Wata ƙungiyar likitoci ta maka su kotu, kuma a 2020 alƙalin tarayya ya ci tararsu sama da dala 850,000 saboda lalata na'urorin tace hayaƙi. Su ne ake nuna wa yara a matsayin gwanaye.

Kanikanci na gaskiya ba ya kalluwa, shi ya sa ake yanke shi. Awo ne, da sake awo, da yini guda ana bin waya don gano inda wuta ke tsinkewa. Mai shirya fim ba ya sayar da wannan; rigima yake sayarwa, da tallan kamfanonin taya da fenti.

Mai son nishaɗi ya kalla, ba a hana shi ba. Amma duk wanda ɗansa ke son wannan sana'a, ya kama hannunsa ya kai shi gareji wajen oga.