Waƙoƙin Yaƙi Da Takardun Cikin Gafaka

Malamai da fatake, a saurara. Wanda ya karanta baitocin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a kan nasarar Tabkin Kwatto ta 1804, amma bai san an yi Alwasa a 1805 ba, inda jama'ar Shehu suka yi hasarar rayuka masu yawa, to, ya ji guɗa, bai ji kuka ba. Malam kansa, cikin Tazyinul Waraƙati, yakan fara da labarin abin da ya auku, sa'an nan ya kawo ƙasida. Ko ɓacin ran da ya kawo shi Kano a 1807 bai ɓoye ba.

Yanzu Jami'ar Boston ta Amurka da babban laburaren Ingila sun ɗauki hotunan takardun ajami da na Larabci, sun sa a intanet, mai waya ya duba kyauta. Madalla. Amma abin da aka ɗauka kaɗai ke can. Takardun cikin gafakar malaman Rijiyar Zaki fa, waɗanda gara da yoyon damina ke ci? Attajirai su biya mai hoto. Malamai kuwa, duk waƙar yaƙin da aka samu, su rubuta sunan mawallafi da yaƙin da yake nufi a gefenta, tun masu sani suna da rai.