Daga Gindin Bishiya Zuwa Nasara Ta 100: Darasi Ga Uwar Yaro Mai Son Inji



Yau maganarmu a kan yaran nan ne da Allah Ya jarabce su da son inji. Kusan kowane gida akwai irinsu. Shi ne wanda tun yana rarrafe yake bin tayar keken babansa, ya girma yana ƙera mota da gwangwani da karan dawa, yanzu kuma ya kai shekara 15 idonsa na kan makullin babur. A Bacirawa da sauran garuruwan gefen titin Katsina, mun san inda abin kan ƙare idan ba a yi dace ba: ranar kai amarya samari su murɗa totur, wani ya saki hannu, wani ya ɗage tayar gaba, masu motoci na jan burki ƙura na tashi. Wasu su koma gida lafiya, wasu sai Asibitin Ƙashi na Dala, wasu kuma sai dai addu'a.

Uwa takan rasa yadda za ta yi. Ta hana, yaro ya yi a ɓoye. Ta ƙyale, ba ta da barci. Shi ya sa na kawo muku tarihin wani gida a Amurka da 'ya'yansu suka taso da irin wannan jaraba, suka mayar da ita sana'ar da ta ciyar da su sama da shekara 70.

Manoma ne, kamar mu

A Amurka akwai gasar tseren motoci da ake kira NASCAR, wadda aka kafa a 1948. Motocin da ake tseren da su, asalinsu irin na kan titi ne, waɗanda kowa zai iya saya, sai a gyara injin a ƙara masa ƙarfi. Kafin a kafa gasar, abin ba shi da tsari. Da yawa daga cikin direbobin farko masu safarar haramtacciyar giya ne da suka koyi gudu wajen tsere wa hukuma, sai su haɗu a wani fili ranar hutu su gwada wa ya fi. Wani makanike mai suna Bill France ne ya tara su, aka kafa doka, aka sa alƙalai, aka tsayar da kyauta.

A shekarar 1950, wasu 'yan'uwa biyar, 'ya'yan Walter da Ada Wood, suka shiga. Gidansu na cikin tsaunuka kusa da wani ƙaramin gari mai suna Stuart a jihar Virginia. Noma suke yi da aikin katako. Sunayensu Glen, Leonard, Delano, Clay da Ray Lee. Motarsu ta farko tsohuwar Ford ce ƙirar 1938, da suka saya dala 50. Ba su da gareji. A gindin wata babbar bishiya ta ƙofar gida suke aiki, su rataya sarƙa a reshe su ɗaga inji, kamar yadda kanikawanmu ke yi a gindin darbejiya.

Tseren farko bai yi daɗi ba. Glen ya yi karo, sannan a hanyar janyo motar zuwa gida ta kama da wuta. Suka gyara ta suka koma.

A cikinsu Glen ne mai tuƙi, amma Leonard ne mai hannu. Yana ɗan shekara 13 ya ciro injin wata na'urar wanki ya haɗa wata 'yar mota da yake hawa. Wannan yaro, da a gidan wata ne cikinmu, wataƙila da ya sha duka a kan ya lalata kayan gida.

Sun gano inda ake cin tsere

Babban tseren wannan gasa shi ne Daytona 500, da ake yi kowace shekara a watan Fabrairu a jihar Florida. Ana zagaya fili mai tsawon kilomita 4 har sau 200, wato kimanin kilomita 800 ke nan, kusan tafiyar Kano zuwa Abuja da dawowa, a gudun da ke kai kilomita 300 a awa. Dole mota ta riƙa tsayawa a sha mai a sauya taya.

A wancan zamani direbobi kan ɗauki wannan tsayawa kamar hutu. 'Yan gidan Wood suka lura cewa duk daƙiƙar da mota ta yi a tsaye, abokan takara sun yi gaba. Sai suka raba aiki: wannan jak ne nasa, wannan tayar gaba, wannan ta baya, wannan zuba mai. Kowa ya san inda zai tsaya da inda zai sa ƙafa. Suka riƙa maimaitawa a gida har ya zama jiki. Leonard ya sake ƙera jak ɗin yadda zai ɗaga mota da 'yan bugu kaɗan, ya gyara bakin tulun mai yadda zai zuba da sauri. Su ake jingina wa tsarin da kowa ke bi a yau, inda ake sauya taya huɗu cikin kimanin daƙiƙa 10.

A 1963 direbansu Marvin Panch ya yi mummunan hatsari a wata mota daban, kwanaki kaɗan kafin Daytona 500, motar ta kife ta kama da wuta. Cikin waɗanda suka ruga suka ciro shi akwai wani direba mai suna Tiny Lund, wanda a lokacin ba shi da motar kirki. Gidan Wood suka ba shi tasu mai lamba 21. Ya ci tseren, kuma da dabarar gareji ya ci: sun lissafa mai yadda ya rage tsayawa ɗaya, kuma bai sauya taya ko sau ɗaya ba.

Labarinsu ya bazu har kamfanin Ford ya gayyace su a 1965 su yi wa Jim Clark, fitaccen direba ɗan Birtaniya, aiki a tseren Indianapolis 500, wanda motocinsa ma ba irin nasu ba ne. Sau biyu ya tsaya, duka biyun a haɗe ba su kai minti ɗaya ba, ya kuma ci tseren. Mutanen ƙauye suka koya wa manyan injiniyoyi aiki.

Lokacin ganiya da lokacin ƙunci

Glen ya ajiye tuƙi a 1964 ya koma kula da ƙungiya. Direbobi suka yi ta zuwa suna tafiya. Cale Yarborough ya ci musu Daytona 500 a 1968, A.J. Foyt a 1972. Wanda ya fi kowa shi ne David Pearson, da ya ci musu tsere 43 tsakanin 1972 da 1979. A 1973 kaɗai ya shiga 18 ya ci 11. A Daytona 500 ta 1976 ya yi karo da Richard Petty dab da layin ƙarshe, motocin biyu suka lotse, amma shi injinsa bai mutu ba, ya lallaɓa a hankali ya tsallake layi.

Daga nan zamani ya juya. Manyan attajirai suka shigo da ƙungiyoyi masu motoci uku da huɗu da ɗaruruwan ma'aikata, gidan Wood kuwa motarsu ɗaya ce. Nasara ta yi wuya. Sun ci a 2001, sai shiru. Dole ta sa suka kwashe garejin daga garinsu zuwa jihar North Carolina inda sauran ƙungiyoyi suke. A 2008 motarsu ta kasa ma samun gurbin shiga Daytona 500.

A nan ne abin ya fi burge ni. 'Ya'yan Glen uku, Eddie da Len da 'yar'uwarsu Kim, su ke riƙe da ragama a lokacin. Ba su sayar da gadon ba, ba su kuma ci bashin da zai binne su don a ce suna nan ba. Suka rage yawan tseren da suke shiga zuwa abin da aljihunsu zai ɗauka, suka riƙe amanar da ke tsakaninsu da Ford tun daga motar farko. A 2011 wani yaro mai suna Trevor Bayne, kwana ɗaya bayan ya cika shekara 20, ya ci musu Daytona 500 karo na biyar. A 2016 suka dawo shiga kowane tsere, da haɗin gwiwar babbar ƙungiyar Penske. Ryan Blaney ya kawo nasara ta 99 a 2017. Glen ya rasu a Janairun 2019 yana da shekara 93. A Agustan 2024 Harrison Burton ya cika musu ta 100, Josh Berry ya ƙara ɗaya a 2025. Yau jikokin Glen ne ke jan ragama, kuma babu ƙungiyar da ta kai su daɗewa a gasar.

Gudu a fili daban, gudu a titi daban

Kada wani yaro ya karanta wannan ya ce ai ga shi a Amurka ma ana yi. Uwargida, ga amsar da za ki ba shi.

Direban tsere yana cikin kejin ƙarfe da aka walda a cikin motar. Yana sanye da hular kwano da rigar da wuta ba ta saurin ci, an ɗaure shi da bel ta kafaɗu da ƙugu. Filin a killace yake, kowa hanya ɗaya ya nufa, babu akuya, babu mai talla, babu yaro ɗan makarantar allo da zai tsallaka. Ga motar asibiti da ta kashe gobara a tsaye. Duk da haka a 2001 babban gwaninsu Dale Earnhardt ya mutu a zagayen ƙarshe na Daytona 500. Bayan mutuwarsa aka wajabta wata na'ura mai riƙe kai da wuya, aka sauya bangon filaye zuwa mai shanye ƙarfin karo, kuma tun daga nan ba a sake rasa direba a babbar gasar ba.

To ina ga ɗanki, da silifas, babu hula, ya goyo abokai biyu, a titin da tireloli ke bi dare da rana? Mu ma da muka gaji sukuwar dawaki, ai fili muka ware mata. Babu mai hankalin da ke sakin doki a tsakiyar kasuwa.

Abin da ya rage gare mu

Ki lura da abu ɗaya a tarihin nan. Direbobi da yawa sun hau mota mai lamba 21 sun sauka. Waɗanda suka dawwama su ne masu riƙe da sifana da masu riƙe da littafin lissafi. Ba mu da irin wannan gasa a Kano, amma muna da abin da ya fi ta buƙatar masu hannu: babura, adaidaita sahu, janareta, injin ban-ruwa, injin markaɗe. Duk wanda ya iya gyaran waɗannan da gaskiya ba ya kwana da yunwa.

Kuma abin na iya wuce nan. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, yaro ne mai zanen motoci a takarda. Ya yi karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, ya wuce Detroit a Amurka, ya yi aiki da kamfanin General Motors inda ya zana samfurin motar Chevrolet Volt, a 2017 kuma aka naɗa shi shugaban hukumar ƙera motoci ta Nijeriya.

Ga abin da nake ba da shawara.

Na farko, makulli. Doka ba ta ba da lasisin tuƙi sai an cika shekara 18. Ki zauna da maigida ku tsayar da magana ɗaya, domin yawanci ɓarakar daga aike take farawa: “karɓi babur ka sayo mana kaza ka dawo.” Yaron da aka ba makulli don cefane ba zai fahimci dalilin hana shi ranar biki ba.

Na biyu, ki ba hannunsa aiki. Tsohon janareta ko injin ban-ruwan da ya mutu yana jibge a zaure, ki roƙi babansa a bar masa ya kwance ya haɗa. Idan zai sayo kayan gyara a Kasuwar Ƙofar Ruwa, wani babba ya raka shi.

Na uku, gareji da makaranta su tafi tare. Na san fargabar da yawanmu: gareji wurin waɗanda boko ya ƙi ne, kuma nan ake koyon shaye-shaye. Fargabar tana da tushe, shi ya sa ba a kai yaro gareji don kawai yana kusa. A binciki maigidan garejin kamar yadda ake binciken mai neman aure: sallarsa, bakinsa, su wa ke zama a wurinsa, yaya yaran da ya yaye suke. A fara da hutu da ƙarshen mako. Motocin yanzu da kwamfuta ake gano ciwonsu, wanda bai iya karatu da lissafi ba zai tsaya a sauya taya. Idan ya gama ƙaramar sakandare, a duba kwalejojin fasaha na gwamnati, akwai ɗaya nan Ungogo.

Na huɗu, kada a manta da 'yan mata. Kim ba ta tuƙa motar tsere ba, amma ofis da lissafin ƙungiyar sun daɗe a hannunta. Gareji nawa ne a garin nan ya rushe saboda babu mai rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita? 'Yarki mai ƙoƙari a lissafi na iya zama ginshiƙin sana'ar yayanta.

Na ƙarshe, bikinmu. Mu mata mu ke shirya kai amarya. Idan uwar ango da uwar amarya suka faɗa tun da wuri cewa ba a yarda da wasan babur ko na mota ba, suka sa iyaye maza da mai unguwa a maganar, samari za su ji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

'Yan'uwa, wacce ke da irin wannan yaro ta gaya mana a ƙasa yadda take fama, wacce kuma ta kai nata koyon gyara ta faɗa mana yadda ta zaɓi wurin, ko wata ta amfana. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya tsare su a hanya, Ya sa albarka a hannuwansu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.