Satar Rubutu a Jami'o'i: Lambar da Manhaja ke Nunawa Ba Ita Ce Hukunci Ba

Duk ƙarshen shekarar karatu, akwai tambayar da ke yawo a bakin ɗalibai masu rubuta kundin kammala digiri: "Kashi nawa ka samu?" Ba makin jarrabawa suke nufi ba, adadin da manhajar gano satar rubutu ta fitar ne bayan an loda mata aikinsu. Wanda ya ga kashi 8 cikin 100 sai ya yi ajiyar zuciya, wanda ya ga kashi 35 kuwa barci ya ƙaurace wa idonsa. Wannan lamba kaɗai tana iya sa a dawo wa ɗalibi da aikinsa, ko a ɗage ranar kare kundinsa, ko a jefe shi da sunan ɓarawo. Tunda 'ya'yanmu da ƙannenmu ne ke cikin wannan hali, ya kamata mu san abin da lambar take faɗa da abin da ba ta faɗa.

Mafi shahara cikin waɗannan manhajoji ita ce Turnitin, wadda aka kafa a Amurka a 1998. A jami'o'in da ke koyarwa da Faransanci an san Compilatio, ta wani kamfanin Faransa, a Najeriya kuma kwamitin shugabannin jami'o'i ya samar da EagleScan. Dukkansu aiki iri ɗaya suke yi. Suna ɗaukar rubutun ɗalibi su gwada shi da abin da ke rumbunsu, wato shafukan intanet da mujallun ilimi da ayyukan ɗaliban da aka loda a baya. Duk inda jerin kalmomi ya zo daidai sai su shafa masa launi, a ƙarshe su lissafa kashi nawa na rubutun ya yi kama da na wani. Turnitin tana raba sakamakon da launuka: kore har zuwa kashi 24, rawaya daga 25 zuwa 49, ruwan lemo daga 50 zuwa 74, ja daga 75 zuwa sama.

Abin lura shi ne, kama ake aunawa. Manhajar ba ta san niyya ba, ba ta kuma rarrabe wanda ya ambaci mai magana da wanda ya ɓoye shi. Kamfanin Turnitin da kansa ya sha bayyana cewa rahotonsa ba ya yanke hukuncin an yi sata, malami ne zai duba ya yanke. Hausawa dai sun ce kama da wane ba ta wane.

Mu ɗauki misalin ɗalibai biyu. Ta farko tana sashen nazarin addinin Musulunci, ta rubuta kundi a kan rabon gado. Dole ta kawo ayoyi da hadisai da maganganun malaman mazhaba kamar yadda suke, domin ba ta da ikon canza lafazinsu. Ta sa kowanne cikin alamar zance, ta faɗi littafi da shafi. Manhaja ta ba ta kashi 38, saboda dubban mutane sun riga ta kawo waɗannan nassoshi. Haka ɗalibin shari'a yake da sassan doka, haka ɗalibin kimiyya yake da sunayen sinadarai da matakan gwaji.

Na biyu ya samo wata maƙala da Faransanci ya mayar da ita Turanci, ko ya kwafe tsohon kundi daga ɗakin karatu wanda ba a taɓa lodawa a intanet ba, ko ya biya wani ya rubuta masa. Manhaja ta ba shi kashi 4. Idan sashe ya ce duk wanda ya haura kashi 20 ya faɗi, to mai amana ce za ta koma gida da kuka, mai ha'inci kuma a yi masa tafi. A yankinmu wannan giɓi ya fi faɗi, domin yawancin abin da aka rubuta da Hausa da ajami da Larabci, da tsofaffin kundaye na jami'o'inmu, yana kan takarda ne kawai, manhaja ba ta ganinsa.

Ba muna cewa a daina sa iyaka ba. Hukumar jami'o'in Indiya, alal misali, ta fitar da ƙa'ida a 2018 wadda ta raba lamarin mataki-mataki: har zuwa kashi 10 babu hukunci, sai daga 10 zuwa 40, daga 40 zuwa 60, da abin da ya haura 60, kowanne da nasa horon. Amma ita ma wannan ƙa'ida ta ce a cire maganganun da aka jingina ga masu su da jerin littattafan da aka duba kafin a yi lissafi. Iyaka tana da amfani idan aikinta shi ne ta nuna wa malami kundin da zai fara buɗewa.

To yaya ake karanta rahoton? Da farko a cire abin da ke cikin alamar zance da jerin manazarta da ƙananan jimlolin da kowa ke amfani da su. Manhajar tana da wurin yin haka, kuma sau da yawa adadin yana faɗuwa sosai. Sannan a dubi yadda ragowar ya rarrabu. Kashi 20 da ya fito daga wurare 40, kowanne bai kai kashi 1 ba, yawanci ba komai ba ne. Kashi 12 da ya fito daga wuri guda, shafi biyu a jere ba tare da an ambaci mai shi ba, shi ne abin tsoro. A kuma duba a wane babi launin ya taru. Idan a bitar ayyukan magabata ne, da sauƙi. Idan a sakamakon bincike ne da kammalawa, inda ya kamata a ji muryar ɗalibin, to da magana. A ƙarshe a tabbatar ba da kansa yake kama ba, domin wanda ya loda daftarin farko aka adana shi a rumbu zai iya ganin kashi 90 ko fiye idan ya loda na ƙarshe.

Tun bayan fitowar ChatGPT a watan Nuwamban 2022 aka ƙara wata lamba ta biyu, wadda ke cewa kashi kaza na rubutun ƙirƙirarriyar basira ce ta yi shi. Turnitin ta fara nuna wannan a watan Afrilun 2023. Wannan lamba ta fi ta farko rauni, domin a ta farko malami yana iya buɗe asalin rubutun ya gwada da idonsa, a ta biyu kuwa hasashe ne kawai, babu abin da za a ajiye a gaban ɗalibi. Kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, ya rufe nasa ma'aunin a watan Yulin 2023 saboda yawan kuskurensa. Wata guda bayan haka Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ta kashe na Turnitin, ta yi lissafin cewa ko da kuskuren kashi 1 ne kacal, cikin ayyuka 75,000 da ɗalibanta suka miƙa a 2022 da an zargi kusan 750 bisa zalunci. A shekarar 2023 ɗin dai, masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada irin waɗannan ma'aunai guda 7, suka ga sun ɗauki fiye da rabin rubuce-rubucen waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne a matsayin aikin na'ura. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin ɗalibinmu na Yamai ko Kumasi ko Garwa da harshen aro yake rubutu, da jimloli masu sauƙi, irin waɗanda ma'aunin ke tuhuma.

Kada wannan bayani ya zama mafaka ga mai sata. Satar rubutu cin amana ce, kuma ranar tonon asiri tana zuwa ko an daɗe. Ministan tsaron Jamus, Karl-Theodor zu Guttenberg, ya sauka daga muƙaminsa a watan Maris na 2011 bayan an gano ya kwafi sassa masu yawa na kundin digirinsa na uku, kuma mutane ne masu karatu da lura suka bankaɗo shi. Mu ma abin ba baƙo ba ne a wajenmu. Ilimin hadisi gaba ɗaya an gina shi ne a kan faɗin wanda aka ji magana daga gare shi. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya rubuta risala sukutum a kan bambancin mawallafi da ɓarawo, bayan ya zargi wani da kwashe masa littattafai. Ɗalibin da ya tashi a zauren malam ya san cewa jingina magana ga mai ita yana cikin albarkar ilimi.

Saboda haka muna kira ga malamanmu na jami'a da kada su yanke hukunci kafin su buɗe rahoton shafi-shafi, su kira ɗalibin su ji ta bakinsa. Tambayoyi biyar a kan babi na uku sun isa su nuna wanda ya yi gumi da wanda ya saya. Hukumomin jami'a su rubuta ƙa'ida a fili, su koya wa ɗalibai yadda ake ambaton madogara tun shekarar farko, su kuma buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara. Ku kuma ɗalibai, ku adana daftarinku na farko da bayanan da kuka ɗauka da ranakun da kuka yi aiki, su ne shaidarku idan an tuhume ku. Ku guji masu karɓar kuɗi da sunan rage muku kashi ta hanyar sauya kalmomi, domin lamba ce kawai suke ragewa, satar tana nan. Iyaye ma, idan yaro ya dawo da labarin an kama shi, a nemi ganin rahoton kafin a yi masa faɗa ko a tafi yi wa malami rashin kunya.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya tsare mu daga cin amana da zaluntar wanda bai ji ba bai gani ba.