Kujera Huɗu, Mutum Ɗaya: Abin Lura a Tarihin Mamman Nasir

Ɗan kasuwar Tasawa da ke sayo kaya a Katsina, da ma'aikacin Mayahi da ke jiran hukunci kan gonar gado, dukansu suna da abin dubawa a rayuwar marigayi Mai Shari'a Mamman Nasir, Galadiman Katsina. Iyaka ta raba ƙasashen biyu, amma ba ta raba matsalar ba.

An haife shi a Katsina a 1929, ya karanto aikin lauya a Ingila, ya dawo ya zama lauyan gwamnatin Jihar Arewa. A 1961 Sardauna Ahmadu Bello ya naɗa shi ministan shari'a, a tsarin da minista ke zama cikin majalisar Kaduna yana kare doka gaban wakilan jama'a. Da sojoji suka kifar da gwamnati a 1966, bai tafi da ita ba. Ya riƙe ofishin babban mai gabatar da ƙara, ya hau Kotun Ƙoli a 1975, sa'an nan ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 1978 har 1992, shekarar da ya zama Galadima, hakimin Malumfashi. Ya rasu a 2019.

Masu yabonsa suna da hujja. Alƙalin da ya ga yadda ake ƙera doka a majalisa, ya kuma san yadda ake haɗa tuhuma, da wuya lauya ko ɗan sanda ya yi masa rufa-rufa. Arewa ta bukaci irinsa a lokacin da sabon kundin hukunta laifuka na 1960 ke neman sasanta shari'ar alƙalan gargajiya da dokar da Bature ya bari.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙa. Wanda ya saba hidima ga kowace gwamnati, yakan yi masa nauyi ya ce mata a'a. Bayan ya bar kotu, Mamman Nasir ya karɓi shugabancin kwamitin aiwatar da shirin miƙa mulki na Janar Sani Abacha, shirin da ya ƙare a 1998 da jam'iyyu biyar duka sun tsayar da Abacha ɗan takararsu. Ba a ce Galadima ne ya kitsa wannan ba. Amma mutuncin da ya tara a kujerar alƙalanci shi aka ara aka lulluɓe shirin, kuma masu arowar sun san darajar abin da suka ara.

Nijar ta ga ɗaya fuskar. A Yunin 2009 Kotun Tsarin Mulki, ƙarƙashin Salifu Fatimata Bazeye, ta soke kiran ƙuri'ar raba gardama da Shugaba Mamadu Tanja ya yi don ya zarce. Shi ne ya naɗa ta, duk da haka ta ƙi. Tanja ya rushe kotun kafin watan ya fita, ya yi ƙuri'arsa a Agusta, sojoji suka sauke shi a Fabrairun 2010.

Saboda haka ba laifi ba ne lauya ya shiga majalisa, ko mai gabatar da ƙara ya zama alƙali. Abin da ya kamata doka ta tanada shi ne tazara: shekaru tsakanin barin jam'iyya da hawa kujerar shari'a, da wasu shekarun kuma kafin tsohon alƙali ya karɓi muƙamin siyasa. Fatake sun san dalili. Mai bin bashi da ya shiga kotun Tasawa ya tarar alƙali tsohon abokin jam'iyyar wanda yake ƙara ne, gida zai koma ya nemi sulhu wajen mai gari, ko da rabin kuɗinsa ne zai samu.